Jirgin da Zai Kai Mama Kabarin Baba

Kawu Ursin, ina roƙon ka taimake ni kafin ɗaya ga Nuwamba, ranar da muke shafa wa kaburburanmu farar ƙasa. Kabarin mahaifina yana kan tsibiri cikin fadamar Terrebonne, kuma ciyawa ta toshe mashigar, kwalekwale ba ya wucewa. Mama shekararta tamanin da ɗaya, shekara uku ba ta je ba. Na yi mata alkawarin bana, shi ya sa nake haɗa jirgin ruwa mai farfela a baya, irin wanda ke sulɓi kan ciyawa.

Na auna komai: injin, kejin farfela, kujeru, Mama, har bokitin farar ƙasa. Lissafina ba ya da kuskure. Littafin da na yi oda daga Florida ya ce a yi gangar jirgin da faiba, wato roba mai zaren gilashi, kuma na karanta shi sau shida. Amma Ovide, mijin ƙanwata, mai walda ne, ya leƙo ya ce, "Malam Takarda, idan ka hau kututture sai ka liƙe ramin da shafi na tara na littafinka." Shi alminiyum ya sani. Mutumin da bai taɓa karanta komai ba. Ni dai na tabbata ina kan daidai, sai dai Mama ba ta iya iyo ba.

Mai Awo

Mai Awo, lissafinka na yarda da shi, kuma littafinka bai yi ƙarya ba. Faiba na da santsi, ba ta da wuyar gyara, tana da kyau a kan ciyawa da laka. Amma marubucin bai taɓa shiga fadamarku ba, inda kututture da ɓawon kawa mai kaifi, irin na dodon koɗi, ke kwance ƙarƙashin ruwa. Idan alminiyum ya daki kututture, yawanci loɓawa yake, ka dawo gida. Faiba tana iya tsagewa, kuma irin wannan jirgi nan da nan yake nitsewa.

Ka sayi alminiyum na jirgin ruwa, ka shimfiɗa roba mai kauri a ƙasansa. Waldarsa ba ta ɗan koyo ba ce. Ka haɗiye maganar shafi na tara, ka kai wa Ovide zanenka. Kai ka iya awo, shi ya iya ƙarfe.

Idan kun gama, ka ɗora buhun yashi daidai nauyin Mama, ka je tsibirin ka dawo sau uku. Rigar ceto kuwa dole ce. In ranar ta zo jirgin bai kammala ba, ka nemi aron na maƙwabta ba tare da jin kunya ba. Alkawarin da ka yi mata na zuwa kabarin ne, ba na jirgi ba.

Allah ya kai ku lafiya. Ka gaishe min da Mama.