Mahaifina Ya Ce Ba Zai Hau Tudu Ba

Anti Verlyn,

Don Allah ki taimake ni da shawara. A tsibirin nan duk wanda na faɗa wa damuwata, kafin in isa gida maganar ta riga ni.

Ni ke kula da mafakar guguwa ta ƙauyenmu, wato makarantar firamaren da ke kan tudu. Makullin yana hannuna, kuma ni ke bi gida-gida idan rediyo ya yi gargaɗi. Bara da aka ce wata mahaukaciyar guguwa na tafe, na kwashe kusan kowa zuwa tudun, har tsofaffin da sai an ɗauke su a kujera. Sai guguwar ta karkata arewa, ko kwanon rufi ɗaya bai ɗaga ba. Da muka sauko, muka tarar an kwance injin jirgin kamun kifin mahaifina an tafi da shi. Har yau ba a san wanda ya ɗauka ba.

Tun daga nan sunana ya koma Madam Guguwa. In na wuce wajen masu gyaran raga sai su dafe hulunansu, wai kada iskata ta kwashe. Wannan da sauƙi. Damuwata Baba ne. Ya haura saba'in, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, gidansa na katako ne a bakin ruwa. Yayana da ke Toronto ya aiko masa da wani injin, shi kuwa ya rantse ba zai ƙara barin jirginsa ba. Wai gidan ya ga guguwa tun ba a haife ni ba, kuma ba zai sake kwana a bencin yara yana jin minsharin maƙwabciyarsa Mis Eudine ba. Maƙwabta kuma sun ce in uban mai makulli bai hau ba, su me zai kai su?

Ga Yuni ya ƙarato, farkon lokacin guguwa da ba ya ƙarewa sai ƙarshen Nuwamba. Wani lokaci in ce in mayar da makullin in huta. Wani lokaci in ce idan guguwar ta zo zan zauna tare da shi a gidan, duk abin da zai faru ya faru. Ina da yara biyu ƙanana. Ban san abin yi ba.

Mai Makulli

'Yata Mai Makulli,

Kada ki mayar da makullin, kuma ki cire maganar zama a gidan katako daga ranki.

Bara ba ki yi kuskure ba. An yi gargaɗi, kin kai mutane inda ya dace. Amma mahaifinki ma ba taurin kai kawai yake yi ba. Ya bi maganarki, ya rasa abin da yake ci da shi. Ke kina maganar ransa, shi yana maganar injinsa, shi ya sa ba ku jin juna.

To ki fara da injin. Yanzu da teku ke kwance, ki tara masunta ku daidaita cewa da zarar an yi gargaɗi, a jawo jirage kan gaɓa a ɗaure, a kwance injuna a kai ɗakin ajiyar makaranta a kulle. Ki roƙi mahaifinki ya zama mai kula da wannan ɗakin. Dattijon da ya hau tudu gadin injuna ba wanda zai ce masa ya gudu. Ki tanadi motar da za ta ɗauke shi da wuri, da katifa, da magungunansa a leda. Ku gwada duka wata Asabar, tun babu iska.

Duk da haka yana iya ƙi, kuma ba yaro ba ne da za ki saɓa a kafaɗa. In ya ƙi, ki faɗa masa sau ɗaya, cikin ladabi, cewa idan iska ta tashi babu mai saukowa ɗaukarsa, ba ke ba, ba 'ya'yan mutane ba. Sannan ki kama hannun yaranki ki hau.

Allah ya sassauta zuciyarsa, ya kai mu ƙarshen Nuwamba lafiya.

Anti Verlyn