Jan Zare a Jikin Jamun

Dinanath ɗana,

Ram Ram, ina gaishe ka. Ina sa maka albarka, kai da matarka. Sushila mai ɗinki ke rubuta min, na ce kar ta gyara ko kalma ɗaya.

Jiya wasu ƙarti biyu suka shigo suna auna bishiyar jamun ɗina mai 'ya'yan nan shuɗɗa masu zaƙi, wai kai ka turo su daga wurin aikinku na binciken itatuwa. Wai za a sassare rassanta a yi mata aure da sabon iri. Da muciya na raka su har titi.

Uwarka, Kalawati

Amma,

Na taɓa ƙafafunki don girmamawa, Amma uwata. Ki fahimce ni. Jamun ɗinki kwana biyu yake yi ya narke, ba mai ɗaukarsa zuwa Delhi. Irin da muka fitar yana kwana shida, ƙwallonsa ƙarami. Shekara tara muna aikinsa. Kuma kin san tun rasuwar mahaifina Babuji filin da sunana yake. Ran Alhamis masu zarto za su zo.

Ɗanki mai biyayya, Dinanath

Dinanath,

Albarka dai ban janye ba, tukuna.

Kwana shida a kwali, wa zai ci? Mu da muke shimfiɗa tsofaffin zannuwan sari a ƙasa, a girgiza bishiyar, a zuba a tukunya da gishiri a kaɗa? Don ba ya kwana shi ya sa ba a masa rowa. Shekarar da ruwa ya cinye shinkafa, duk ƙauyen nan da shuɗin harshe suka wuni don shan jamun, har gidan da ba ma gaisawa. Da yana ajiyuwa, da kakarka ta kulle shi a ɗaki, ka san halinta.

Shekaranjiya mu mata goma sha ɗaya muka ɗaura wa bishiyar jan zare, muka shafa mata jan garin da muke sawa a goshi, muka kunna fitila a gindinta. Yanzu ta Devi ce, allahiyar da muke bauta wa. Ka kai wa Devi takardar filin.

Uwarka

Amma,

Na taɓa ƙafafunki. Ƙauye uku aka zaga, ba mai zarton da ya yarda ya kusance ta. Wannan ba ibada ba ce, wayo ne.

Dinanath

Ɗana,

Wayo ne mana. Devi ma ta sani.

Gatarin ubanka na bayan ƙofa, na sa an wasa shi. In za a sare ta, ka zo da kanka. Zan dafa maka dal, miyar waken nan, in zauna in kalla.

Uwarka, Kalawati