Ramin Yumɓun Hansai

Wudil, 4 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga ɗana Sha'aibu, ofishin filaye, Kano.

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, yaya aiki? Gwaggonka ce Hansai. Barakatu matar maƙwabcinmu ke rubutawa, na ce kar ta gyara min baki.

Sha'aibu, ga abin da ya same mu. Ka san ramin bakin kogi inda muke haƙo yumɓun ginin tukwane? To an kafa masa siminti mai lamba, kusurwa huɗu. Wai an ba Alhaji Ɗantani mai tifa, zai riƙa ɗiban yashi. Shekaranjiya kansila ya zo har zaure da takarda, wai tunda ni ce babbar magina, in dangwala yatsa cewa ba mai amfani da wurin. Da ɗan sanda ya zo. Ɗan sandan gyaɗa ma yake ci. Na ce hannuna da mai, su dawo.

Mu sha ɗaya muke ci daga ramin nan, shida ba su da maza. Kai da kake cikin gwamnati gaya min, soja sun tafi, shi ne za a fara da mu?

Allah ya yi maka albarka.

Kano, 20 ga Oktoba, 1999

Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Na duba fayil ɗin. A doka, ƙasa duka tana hannun gwamnati, ita ke riƙe wa jama'a, ita ke bayarwa. Safiyo mai awon filaye ya rubuta cewa ya je wurin ranar 19 ga Agusta, bai ga gona ba, bai ga gini ba, sai ruwa da ciyawa. Shi ya sa aka sa shi cikin filayen da ba kowa.

Ba ku da takarda, Gwaggo. Shawarata ki dangwala. An ce za a ba ku wani wuri a bayan tasha. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, in sunana ya fito a maganar nan aikina ne zai tafi.

Ki huta lafiya. Ɗanki, Sha'aibu.

Wudil, ran Juma'a

Sha'aibu, ina gaisuwa. Wannan hannun Malam Gwadabe ne mai rubuta wasiƙa a kasuwa. Mijin Barakatu ya hana ta, tsoro yake ji. Ban ga laifinsa ba, ni ma ina ji.

Agusta! Malam, rubuta da kyau. Wane mai hankali ne zai je neman maginiya a rami tsakiyar damina? Lokacin kogi ne ke shiga ya kwanta, shi ke ajiye mana sabon yumɓu. Ba ma taɓa shi sai ruwa ya janye. Ramin hutawa yake, ɗan nan, ba marasa shi ba. Safiyon naku da ya tambayi ko mai tallan fura ce da ta gaya masa. Bayan tasha kuwa rairayi ne, ko kaskon turare ba zai yi ba.

Ka ce ba mu da takarda. Na ba Ya'u direba randa ya kawo maka. Shafa ƙarƙashin bakinta, za ka ji gurbin babban yatsana. Kowaccenmu haka take dannawa kafin gashi, don in an kwashe daga wuta ta gane nata. Shiga gidajen Wudil ka shafa. Randar masallacin unguwarmu ta Inna ce, kakarka, yatsanta na nan ita tana kabari. A ina ta samo ƙasar, a ofishinku?

Ran zaɓe suka ce yatsan nan shi ne ikona. Na bi layi tun hantsi na dangwala musu. Kansila ya dawo jiya, ya ce min, Iya, man hannun ya bushe? Na ce ya bushe, ikon nawa ne na ƙi. Na ji tsoro ƙwarai. Amma ban dangwala ba.

Kai randar nan gaban babbanku. In ba za ka iya ba, ka sha ruwa a ciki, ba zan zage ka ba.

Kano, 28 ga Disamba, 1999

Gwaggo, barka da shan ruwa. Na kai randar, da hannuna. Babbanmu ya shafa, ya ce za a sake tura safiyo in ruwa ya janye. Bai sa rana ba. Na kuma ji Alhaji Ɗantani zai shigar da katafila bayan salla. Don girman Allah ki zauna a gida.

Ɗanki, Sha'aibu.

Wudil, kashegarin salla

Sha'aibu, barka da salla. Barakatu ce ke rubutawa, ta ce mijin ya yi ta faɗansa.

Ruwa ya janye. Gobe da hantsi za mu sauka rami da fartanyunmu, mu sha ɗaya. Na wanke likkafanina na ajiye a kan gado. Ka gaya wa safiyo da mai katafila, duk wanda ya riga zuwa zai same mu a ciki. Wannan karon ya ƙirga mu.

Gwaggonka, Hansai.