Zaman Yaya Gaban Bango

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma shan maganin kike yi, ba ajiyarsa ba. Na iso lafiya.

Yaya ba ciwo yake ba, kuma salla yana yi, ki kwantar da hankalinki. Sai dai wata uku rabonsa da aji. Yini yake a ƙasa yana fuskantar bango, wai haske yake nema. Littattafan da yake koyarwa ya raba su kanta biyu. Na hagu na mutanen yamma ne, a labaransu mutum fita yake ya yi ta fama da duniya har ya gano ko shi wane ne. Na dama na mutanen gabas, su kuma cewa suke a zauna a saki komai, har da kai kanka. Ya ce shekara sha biyar yana bin na hagu, gajiya kawai ya tsinta. Ni da idon kafinta na duba, duka kantocin sun lanƙwashe.

Makarantarsu ta aiko takarda, in bai koma ranar Litinin ba aikin ya tafi. Matarsa ta gaji da magana, kwano take ajiye masa a bakin ƙofa. 'Yarsu kuwa sanɗa take yi a gidan ubanta.

Ki sa mu a addu'a.
Autanki.

Inna,

Ina gaishe ki, ya jikin? A gaida Goggo.

Na zauna gyaran kantocin, ina fiƙe katako Yaya yana ba ni labaran. Akwai wanda ya hau jirgin ruwa neman kansa, akwai wanda ya hau dutse don ya rabu da kansa. Na tambaye shi ko suna da iyali, ya ce suna da shi. Na ce to wa ya ci gaba da ciyar da yaran? Ya ce, "Littafin ba ya sake waiwayar gidan." Na ce ashe akwai inda gabas da yamma suka yi baki ɗaya.

Ya ji haushi, Inna. Ya tuna min a aji huɗu na tsaya. Kwana biyu bai kula ni ba, ni ma na kama ƙusoshina.

Ranar Litinin da safe sai ga shi a tsakar gida yana tambayar ina dutsen guga. Matarsa ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Mai neman haske ya kasa ganin abin da ke kan tebur?" Ya goge rigar da kansa, har ya ƙona wuyan. Ya makara, amma ya je.

Bai ce ya samu abin da yake nema ba. In ya dawo yana komawa gaban bangon, amma ƙofa a buɗe, yarinyar na zaune a bayansa tana aikin makaranta.

Na gaji, Alhamis ina hanya.
Autanki.