Farasitamol Ɗinka Ya Bi Ni Aiki

Masoyina mai mura,

Na tarar kana ta minshari, na kasa tashinka. Ɗazu na leƙa kemis, mai maganin ya duba kwalin maganin murarka, ya ce ai akwai farasitamol a ciki. "In ya ƙara wani a kai, hantarsa ce za ta ji jiki," in ji shi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na san halinka, kai na sarawa sai ka watsa biyu.

Na murar kaɗai za ka sha, don Allah. Kada ka birkice min durowa, farasitamol ɗin yana jakata. In ciwon ya matsa, kira ni.

Zuciyarka tana hannuna tuntuni, yau na karɓi gadin hantar ma.

Matarka