Abin da Ya Rage Bayan Na Tofar

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwa da sauƙi, tari yana nan. Dasashina ya sake barin jini a kan burodi.
Na je wurin likitar haƙori, ba don zafi ba. Ran da 'yata ta kawo jikata, na miƙa hannu in ɗauke ta, ta kau da kai: "Kaka, bakinka wari." Uwar ta daka mata tsawa. Na yi dariya, na ce amarya ta fara raina miji. Tun ranar ban ƙara matsawa kusa da kowa ba.
An ba ni kwalbar maganin kurkure baki. Ɗaci, ba a magana.

Juma'a, 7 ga Maris
Babu canji, na koma. Likitar ta ce in nuna mata yadda nake yi. Na kurkura, na tofar, na bi da ruwa sosai, yadda malamin tsafta ya koya mana a makaranta: abin da ba abinci ba, kada ya zauna a baki. Ta riƙe haɓa. "Baba, ai kai kake korarsa!"
Wai maganin manne wa haƙora da dasashi da harshe yake yi, yana sakin kansa kaɗan-kaɗan, daga safe har kusan faɗuwar rana. Sharaɗin, rabin awa ba ruwa ba shayi, kuma kada ya biyo man goge baki nan take.
Na ce, wanda na tofar ɗin? Ta ce, "Wanda ya rage, Baba."

Lahadi, 9 ga Maris
Shayi ya koma kamar ruwan ɗumi a bakina. Har na ji daɗi. Maganin yana nan ke nan.

Laraba, 12 ga Maris
Ba jini. Ikon Allah! Cikin murfi guda, amma ya yini yana gadi, ko gyangyaɗi babu. Wanda ya haɗa abin nan ya yi karatu. Haƙoran sun ɗan yi duhu, likitar ta ce za a goge.
'Yata ta bugo. Asabar za su zo.

Asabar, 15 ga Maris
Na kurkura da sassafe, na share ɗaki, na sa farar riga. Tela maƙwabcina ya leƙo ta taga: "Malam, yau angwanci ne?" Na ce shigo ka ga gara. Muka yi ta hira. Sai da ya miƙe na lura na ja kujerata har gwiwata tana taɓa tasa. Bai kau da kai ba. Wai gobe zai zo da rediyonsa mu saurara tare. Ban ce a'a ba, kujerar ma na bar ta a wurin.
Rana ta faɗi, wayar shiru. Na cika murfin na yamma.
Amarya ba ta zo ba.