Zuciyar Da Nake Nufi Ta Nama Ce

Malama mai wannan fili, don Allah ki taimaka mini. Ni tsoho ne, ki yi haƙuri da rubutun. Kalma nake nema wadda zan faɗa wa ɗana ya ji ta yadda nake nufinta.

Na yi makaranta tun ana tsoma alƙalami a tawada, na kuma ƙare aikina a ofishin safiyo ina zana taswirar filaye. A da in aka nuna mini fili, zan faɗi inda ya fara da inda ya tsaya, ko makaho ya je ya same shi. Yau ga ni na kasa kwatanta wa mutanen gidana wani wuri a jikina da bai fi tafin hannu ba.

Tun rasuwar matata ɗana ya ɗauko ni ya sa ni a ɗakin baya, kusa da tankin ruwa, inda ake jingine tsofaffin katifu. Ba a hana ni abinci ba. Ana ajiye shi a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a tafi.

Kwanakin nan wani abu ke danne mini ƙirji kamar an ɗora mini buhun siminti, musamman in na taka zuwa banɗaki da buta cike. Yakan hau muƙamuƙi, ya sauka hannun hagu. In na zauna sai ya lafa. Wata safiya na tari ɗana zai fita aiki, na ce masa zuciyata na ciwo. Sai ya ajiye makullin mota, ya tambaye ni me aka rage ni da shi a gidan nan, ci ko sha ko sutura. Ya ce in matarsa ce ta yi mini wani abu in fito fili in faɗa, in daina ƙorafi a fakaice. Ita kuwa tana ji ta taga. Tun ranar ta ɗauka cewa tsoho ya cika zuciya. Yanzu in na dafe ƙirji a tsakar gida sai ta ce wa yara su kauce, mai zuciya zai wuce. Na sake gwadawa na ce ciki ne, ko za su fi ganewa. Ta ce Allah ya sauke ni lafiya, wata nawa ne.

Babbar jikata tana karatun aikin jinya. Rannan ta shigo ɗakina da ƙawayenta biyu, tana kirana angonta kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Na manta rabon da wani ya zauna a bakin gadona. Ta ce suna da jarrabawa a kan yadda ake kwatanta wurare a jikin mutum, mutum-mutumin roba na makarantarsu kuma sai an bi layi, ni kuwa ƙasusuwana duk a waje suke, ba sai an lalubo ba. Na yi dariya na tuɓe riga.

Suka tsayar da ni a miƙe, hannuwa a gefe, tafin hannu na kallon gaba. Wai a wannan tsayuwar ake kwatanta komai. Ɗaya ta ce na yi kama da ɓarawon da ake cajewa. Jikata ta ɗauki wani alƙalami mai kaurin baki ta ja mini layi daga maƙogwaro har cibiya. Ta ce daga layin nan ake auna kowane wuri, ko yana kusa da tsakiya ko ya yi gefe, ko sama wajen kai ko ƙasa, ko gaba ko baya. A hannu kuma akwai na kusa da kafaɗa da na nesa da ita. Ta ce dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallonsa ba. Wallahi Malama na ji daɗin darasin. Aikina ne na da, fili kawai aka sauya.

Sai na ce a raina yau na samu bakin magana. Na gaya wa jikata cewa ciwon yana bayan ƙashin ƙirji, a kan layin, ya ɗan yi hagu, yana hawa sama zuwa muƙamuƙi, yana bin hannun hagu har nesa, wajen ƙaramin yatsa. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Suka fashe da dariya har ɗaya ta faɗa kan katifu. Wai gawarsu ta haddace darasi, za ta riga su cin jarrabawa. Ashe sunan da suke kirana ke nan a tsakaninsu, gawarmu. Jikata ta zana mini zuciya irin ta masoya, da kibiya, daidai inda na nuna, ta ce ango sabuwar amarya yake so. Duk wannan ɗaya na ɗauka a waya.

Washegari na jiyo muryata daga falo, ina cewa har nesa, wajen ƙaramin yatsa. Ana ta maimaitawa. Na ji dariyar surukata. Na kuma ji ta ɗana. Ba zan kasa gane ta ba, domin irin tawa ce.

Zanen yana nan, in na goga da ƙarfi ciwon ke tashi. Sun ce za su dawo ƙarshen mako su yi darasin bayana. Ban ce kar su zo ba. Abin kunyar ma, har na wanke zanin gado. Malama, na faɗa da Hausa an ce fushi nake, na faɗa da ilimi an ce wasa nake. Da wane baki zan faɗa kafin abin nan ya kayar da ni a bakin tanki?

Tsohon Ɗakin Baya

Baba, na karanta wasiƙarka, kuma zan fara da abin da ba ya jira. Ni ba likita ba ce, amma nauyi a ƙirji da ke zuwa in an motsa, ya hau muƙamuƙi, ya bi hannu, abu ne da likita zai gani yau, ba ƙarshen mako ba. Kada ka jira kowa ya yarda da kai. Kira maƙwabci, ko wani tsohon abokin aikinka, a kai ka a mota, kada ka taka. In ya zo maka kana zaune, ko da gumi da ƙarancin numfashi, ka ɗaga murya har a ji a titi.

Kalmomi kuwa kana da su. Abin da ka faɗa wa jikarka, shi za ka faɗa wa likita ba ragi. Kada ma ka wahala da goge zanen. An yi shi don a yi maka dariya, amma yana daidai wurin. Ɗaga riga ka nuna.

Ga ɗanka, ka bar kalmar zuciya tukuna. Same shi shi kaɗai, ka ce ƙirji, ka kama hannunsa ka ɗora a wurin. Ina zaton ya ji zargi ne domin shi ma ya san ɗakin katifu ba wurin uba ba ne. Wannan ba uzuri ba ne ga dariyarsa, amma mai jin kunya yana iya gyaruwa. Surukarka kuma ka bar wa mijinta.

Jikarka yarinya ce, kuma wasan jika da kaka halal ne. Sai dai wasa ya ƙare tun da aka kira ka gawa aka ɗauke ka a waya. Kira ta ba ƙawaye, ka ce ta buɗe littafinta ta nemo alamomin da ka lissafa mata, ta karanta maka da ƙarfi. Sannan ta goge bidiyon. In tana son darasin baya, ta zo ita kaɗai, ta gaishe ka, ta nemi izini.

Kuma Baba, kada ka musanta maganarsu gaba ɗaya. Ɗayar zuciyar ma tana ciwo, ba don haka ba da ba ka wanke zanin gado don masu yi maka dariya ba. In likita ya gama da ta naman, ka zaunar da ɗanka ka faɗa masa wannan ma, a fili. Jikarka da bakinta ta ce dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. To, ciwon ma haka.

Allah ya ba ka lafiya, ya tausasa zukatan mutanen gidanka. Yanzu ajiye jaridar, ka sa riga, ka kira mota.